Yadda Sojan Ko-ta-kwana a Amurka Zai Gyara Inshorar Ransa Kafin a Tura Shi Aiki

A cikin 'yan'uwanmu mazauna Amurka, daga Bronx ta New York zuwa Columbus da Atlanta da Houston, akwai matasa maza da mata da suka shiga soja ta ƙofar ko-ta-kwana. Wani direba ne, wata ma'aikaciyar jinya, wani ɗalibi. Ƙarshen mako ɗaya a wata su sa kaki su je atisaye, mako biyu a shekara su tafi sansani, sauran kwanakin kowa ya koma neman abincinsa. Shi ya sa iyaye a gida suke ɗaukar abin da sauƙi, har a ce ai wannan ba sojan gaske ba ne. Amma ranar 28 ga Janairu, 2024, da jirgi maras matuƙi ya kai hari sansanin Tower 22 a ƙasar Jodan, sojojin Amurka ukun da suka rasu duk 'yan ko-ta-kwana ne, daga wata rundunar injiniyoyi da ke jihar Jojiya.

Gwamnatin Amurka ta tanadi inshorar rai ga irin waɗannan sojoji tun 1965. Sunanta SGLI. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, ita ke sa ido a kanta, kamfanin Prudential kuma shi ke biya ta wani ofishi da ake kira OSGLI. Kuɗin yana nan, ba sai an yi kamun ƙafa ba. Abin da ke damuna shi ne inda zai faɗa. Dokar da ke raba shi ba ta san irin gidajenmu ba, inda mutum ɗaya ke riƙe da mata da 'ya'ya a Amurka, da mahaifiya a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, da ƙanne masu karatu. Idan ba ka rubuta da hannunka ba, doka za ta raba yadda ta sani. Da kai nake, ɗan'uwa, kuma duk abin da zan faɗa ya shafi 'yar'uwarmu mai kaki ita ma.

Da farko: karanta takardar kiran

Ranar da takardar umarni ta iso, nemi wurin da aka rubuta dokar da aka kira ka a ƙarƙashinta. Idan ka ga Title 10, gwamnatin tarayya ce ta kira ka, kuma da shi ake tura mutum waje. Idan Title 32 ne, kai ɗan National Guard ne, wato rundunar ko-ta-kwana ta jiha, kana ƙarƙashin gwamnan jiharka amma tarayya ke biyan albashi. Na uku shi ne kiran gwamna zalla, na ambaliya ko gobarar daji ko tarzoma, wanda jiha ke biya daga aljihunta.

Bambancin yana da nauyi. SGLI na binka a duka ukun muddin kana cikin rundunar da aka tsara mata atisaye aƙalla 12 a shekara, domin irin wannan soja yana da inshora dare da rana, ko yana kaki ko yana tuƙa tasi. Amma ɗaya kuɗin da zan ambata a gaba, dala 100,000 na ta'aziyya, na tarayya ne, ba a biyan sa idan mutum ya rasu a kiran gwamna zalla. A nan dokar jiharka ce za ta yi magana. Ka ɗauki hoton takardar, ka ajiye kwafi a gida. Za a neme ta sau da yawa.

Na biyu: duba nawa ke kanka, kuma wa ke biya

Tun 1 ga Maris, 2023, mafi yawan abin da SGLI ke biya dala 500,000 ne. Ana iya rage shi da dubu hamsin-hamsin, ana iya ƙin sa gaba ɗaya. Daga Yulin 2025 kuɗin wata ya koma senti 5 a kan kowace dala dubu, wato dala 25 ga cikakken adadin, da ƙarin dala 1 na inshorar rauni. Jimla dala 26.

Da yawa daga 'yan ko-ta-kwana sukan rage shi don albashin atisaye ba shi da yawa. To ka sani, da zarar an kira ka aiki na fiye da kwana 30, matsayinka ya canza, inshorar kuma ta koma dala 500,000 da kanta, ko da a baya ka ƙi ta. Haka kuma dokar 2018 ta ce duk wanda aka tura fagen yaƙi yana kan cikakken adadi har ya dawo. Shawarata, kada ka taɓa shi. Babu kamfanin kasuwa da zai ba sojan da ke shirin tafiya daga irin wannan farashin, kuma SGLI ba ta da sharaɗin cewa ba za ta biya mutuwar yaƙi ba.

Ga inda hannun gwamnati yake. Doka ta ɗora wa rundunonin soja ƙarin asarar da haɗarin aikin soja ke jawowa, shi ya sa kuɗin wata bai tashi don ana yaƙi. Sannan duk watan da ka yi a wurin da aka ayyana fagen daga, ma'aikatar tsaro na maido maka da abin da aka cire. A takardar albashinka, wadda ake kira LES kuma ake gani a shafin intanet na albashin soja mai suna myPay, za ka ga an cire a gefe ɗaya an maido a ɗaya gefen. Idan wata biyu suka wuce ba ka ga an maido ba, kai magana ofishin kuɗi na rundunarka.

Akwai tarko ɗaya kafin kiran. Daga albashin atisaye ake cire kuɗin. Wanda ya daina zuwa atisaye, bashi na taruwa a kansa, kuma idan biyan ya yi jinkirin kwana 60 doka ta yarda a yanke inshorar. Saboda haka ka duba LES ɗinka na baya-bayan nan, ka tabbatar layin SGLI yana nan.

Na uku: sunaye

A nan za mu zauna, don nan ne gidaje ke ɓaci.

Shiga shafin intanet na soja mai suna milConnect, ka buɗe sashen inshorar SGLI da ake kira SOES. Wanda ba shi da hanyar shiga, ofishin ma'aikata na rundunarsa zai ba shi fom SGLV 8286. A ciki za ka rubuta waɗanda za su karɓi kuɗin da kason kowa. Akwai layin farko, akwai kuma na biyu, na waɗanda za a koma gare su idan na farko duk sun riga ka rasuwa. Cika duka biyun.

Idan ka bar wurin babu suna, ga jerin da doka ke bi: matarka ta kwashe duka. Idan babu mata, 'ya'ya su raba daidai. Idan babu 'ya'ya, sai iyaye. Ka sake karanta wannan a hankali. Mai aure da bai rubuta suna ba, mahaifiyarsa ba ta da ko sisi a cikin dala 500,000, sai abin da surukarta ta ga dama ta ba ta. Matar na iya zama mutuniyar kirki ta bayar. Amma bai kamata ka ɗora wa mace mai takaba wannan nauyin ba, ga dangi na kira daga gida, ga yara a gabanta.

Wasiyya ba ta gyara wannan. Abin da ke cikin SOES shi ake bi, ko da wasiyyarka ta faɗi wani abu dabam. Hukuncin kotun jiha ma bai ture shi. A 1981 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke haka a shari'ar Ridgway: wani soja ya rabu da matarsa, kotun saki ta umarce shi ya bar inshorar don 'ya'yansa, ya sake aure ya canza takardar, da ya rasu sabuwar matar ce doka ta ba, 'ya'yan suka tashi babu komai. Idan sunan tsohuwar matarka ne har yanzu a ciki, ita za a biya.

Alherin da ke cikin tsarin shi ne kana da ikon rubuta duk wanda kake so, a duk ƙasar da yake. Ba sai ɗan Amurka ba, ba sai mai takardar zama ba. Hajiya a Fagge, Baba a Zinder, ƙanwarka a Nima, duk ana iya rubuta su. Wannan ya shafi wanda ke da wata matar a gida ma. Dokar Amurka mace ɗaya ta sani, saboda haka jerin doka ba zai taɓa kaiwa ga ɗayar ba. Sunanta da ka rubuta ne kaɗai zai kai mata haƙƙinta. Sai dai ka sani, idan kana da aure ka rubuta wani wanda ba matarka ko 'ya'yanka ba, rundunar za ta aika wa matarka takarda ta sanar da ita. Ba ta da ikon hanawa, amma za ta sani. Gara ta ji daga bakinka, a cikin ɗaki, kafin takardar ta iso.

Musulmi da yawa suna son rabon ya bi tsarin gado. Malamai sun yi saɓani kan inshora ita kanta, sun kuma yi saɓani kan ko irin wannan kuɗi gado ne ko kyauta ce ga wanda aka ambata. Ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa tun kafin ka cika fom. Idan kun tsaya a kan tsarin gado, lissafin ba wuya. Wanda ya bar mata da 'ya'ya da iyaye biyu, matar na da tumunin takaba, wato dala 62,500 daga cikin 500,000, uwa da uba kowa sudusi, kimanin dala 83,333, ragowar na 'ya'ya. Sai ka mai da su kaso cikin ɗari, ka tabbatar jimla ta cika ɗari cif. Ni dai ina roƙon ka yi wa malamin bayanin halin da matarka za ta shiga a Amurka, kuɗin haya da na renon yara, don ya ba ka fatawa yana sane da inda za ta yi aiki.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakaninmu shi ne rubuta sunan babban yaya shi kaɗai, a ce shi zai raba wa kowa. A idon doka, kuɗin nasa ne daga ranar da aka biya shi. Babu kotun da za ta tilasta shi don kawai kun yi magana ta waya. Ba zargin yayanka nake ba. Shi ma mutum ne, yana iya rasuwa, yana iya samun masu binsa bashi, yana iya samun matsin da ba ka hango ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yara ƙanana kuma maganarsu dabam ce. Ba a miƙa wa yaron da bai kai shekarun girma ba kuɗi kai tsaye. Idan sunansa kawai ka rubuta, sai kotu ta naɗa waliyyi kafin a saki kasonsa, kuma hakan na cin lokaci da kuɗin lauya. Hanyar da ta fi ita ce ka je ofishin lauyoyin soja, wanda ake kira JAG, su tsara maka asusun amana a cikin wasiyyarka, ka zaɓi wanda zai riƙe, sannan su nuna maka kalmomin da za ka rubuta a SOES. Kyauta suke yi, kuma a shirin tafiya rundunar na kawo su.

Sai rubutun sunan kansa. Mutum ɗaya a wurinmu yakan zama Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Mamman a katin zaɓe, Mahamadou a takardun Nijar. Ka sa a turo maka hoton fasfo ko katin shaidar kowane mutum, ka kwafi sunan harafi bayan harafi yadda yake a jiki, da ranar haihuwa. Wanda ba shi da katin shaida, a fara nema masa yanzu. Adireshi kuma ka rubuta wanda za a iya samun mutum da shi, da lambar waya mai lambar ƙasa.

Idan ka taɓa sauya runduna, misali daga sojan ƙasa zuwa na sama, ko ka fita ka sake shiga, tsofaffin sunayen sun faɗi. Sake rubutawa. Bayan ka gama, ka danna tabbatarwa har ƙarshe, ka buga takardar shaidar.

Na huɗu: fom DD 93

Mutane kan ɗauka SOES ya gama komai. A'a. Akwai wani fom dabam, DD 93, kuma shi ke ɗauke da abu uku.

Na ɗaya, waɗanda za a sanar idan wani abu ya faru. Na biyu, wanda zai karɓi dala 100,000 na ta'aziyya. Wannan kuɗi gwamnati ce ke biya gaba ɗaya, ba a cire maka komai, babu haraji a kansa, kuma yakan fito cikin 'yan kwanaki don iyali su samu abin riƙewa. Ana raba shi da kashi goma-goma cikin ɗari. Tunda shi ne mai saurin fita, ka ba da mafi yawansa ga wanda ɗawainiyar gida za ta faɗa wa a makon farko.

Na uku ya fi kuɗi muhimmanci a wurin musulmi: wanda zai yanke shawara kan gawarka. Sojan da ya rasu a waje, yawanci sai an bi da shi ta sansanin Dover da ke jihar Delaware, likitocin soja su yi aikinsu, saboda haka jana'iza a rana ɗaya ba ta yiwuwa. Amma wanka da likkafani da salla da inda za a binne, duk suna hannun wanda ka ambata. Zaɓi wanda ya san addini, yana jin Turanci, kuma zai iya tsayawa da jami'ai ya yi magana. Ka tabbatar an rubuta addininka a bayananka da kuma ƙarfen shaida na wuya.

Na biyar: iyali da jiha

Matarka da 'ya'yanka su shiga DEERS, wato rajistar sojoji da iyalansu ta ma'aikatar tsaro. Da shi ne inshorar iyali, FSGLI, ke aiki daidai: har dala 100,000 a kan mata, da kuɗin wata gwargwadon shekarunta, da dala 10,000 a kan kowane ɗa, kyauta.

Idan kai ɗan National Guard ne, jiharka na iya ɗauke maka kuɗin wata. New Mexico ce ta fara a 2005, zamanin Gwamna Bill Richardson, lokacin da mafi yawan inshorar ke dala 250,000. New York da Ohio na maido wa sojojinsu da aka kira aiki abin da aka cire musu, Ohio kuma ta ƙara da nata dala 100,000 ga iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Jojiya ta hanyar rangwamen haraji take yi, ga wanda ya wuce kwana 90 a jere. Irin wannan ba ya zuwa da kansa. Sai ka cika fom na jiha, ka haɗa da takardar kira da LES na watannin. Tambayi ofishin ma'aikata na rundunarka fom ɗin da wa'adinsa tun kafin ka tafi. Kuma kada ka ruɗe da wata inshorar da ake tallatawa a sansani mai suna SSLI. Ƙungiyoyin Guard na jihohi ne ke shirya ta, kuma yawancin adadinta daga albashinka ake cirewa.

Na shida: ka faɗa wa mutane

Mu ba ma son maganar mutuwa da mai shirin tafiya, ana ganin kamar fata ne. Amma rubuta wasiyya sunna ce, kuma wannan ɗan'uwanta ne. Mutum biyu sun isa, ɗaya a Amurka ɗaya a gida. Su san akwai inshora, su san inda kwafin takardu yake, su san sunan rundunarka.

Dalilin da ya sa na nace: doka ta ce idan wanda aka ambata bai nemi kasonsa ba cikin shekara ɗaya, ana iya biyan na gaba da shi kamar shi ya riga ya rasu. Tsohuwar da ke ƙauye, ba ta san an rubuta ta ba, lambar wayarta ta canza, tana iya rasa haƙƙinta ta wannan hanya.

Idan rauni ne

Dala ɗayan nan na kowane wata shi ne TSGLI, wanda aka fara a Disamban 2005. Yana biyan dala 25,000 zuwa 100,000 ga wanda ya samu mummunan rauni, kamar rasa ƙafa ko hannu ko ido, ƙuna mai tsanani, shanyewar jiki, ko ya kasa yi wa kansa wanka da sutura na tsawon lokaci. Ba sai a fagen yaƙi ba, haɗarin mota a gari ma ya shiga. Fom ɗinsa SGLV 8600, rabi kai ka cika, rabi likita. Kai ake biya, kana raye.

Idan ta Allah ta kasance

Wannan sashen na iyali ne. Rundunar za ta naɗa jami'i guda ya tsaya muku daga farko har ƙarshe. Ku karɓi sunansa da lambarsa, ku bi komai ta hannunsa. Shi zai kawo takardar shaidar rasuwa ta soja, DD 1300, ya taimaka wa kowane mai kaso ya cika fom SGLV 8283. Kowa nasa dabam. Wanda ke gida ya tanadi fasfo ko katin shaida da bayanan asusun bankinsa, takardun da ke Faransanci ko Larabci kuma a sa a fassara su zuwa Turanci a hukumance.

Ana biya ko dai gaba ɗaya ko kashi 36 wata-wata. Idan mamacin ya zaɓi kashi 36, haka za a bi. Idan gaba ɗaya ne, za a tambaye ku ko ceki, ko turawa asusun banki, ko a ajiye a asusun Prudential mai suna Alliance Account. Wannan na ƙarshen ba asusun banki ba ne, ba shi da kariyar FDIC, hukumar da ke lamunce kuɗin ajiya a bankunan Amurka, kuma yana tara ruwa, abin da mai gudun riba zai so ya sani kafin ya sa hannu. Uwar kuɗin babu harajin tarayya a kanta, kuma masu bin mamacin bashi ba su da ikon kama ta. Bashin da ke kansa na addini kuwa, wannan tsakaninku ne da Allah, ku sauke masa.

Babu kuɗin fom, babu kuɗin sakin kuɗi. Duk wanda ya kira ko ya turo saƙo ya ce a biya wani abu kafin kuɗin ya fito, ɗan damfara ne. VA ma na ba masu karɓa shawarar masana harkar kuɗi kyauta. Ku nema, kuma kada ku yi gaggawar sa kuɗin a wata harka a watannin farko.

Idan ka dawo lafiya, in sha Allahu

Komawarka matsayin ko-ta-kwana wani canjin matsayi ne, saboda haka ka sake shiga SOES ka ga adadin da ke kanka da abin da ake cirewa. Duba sunayen kuma. An haihu? An yi rasuwa? An yi aure ko saki? Kowane ɗaya daga ciki dalili ne na sake rubutu, a SOES da DD 93 duka. Sannan ka miƙa fom ɗin jiha kafin wa'adi ya wuce.

Ranar da ka ajiye kaki gaba ɗaya, SGLI na ci gaba kyauta har kwana 120. Wanda ya fita da naƙasar da ta hana shi aiki na iya neman a tsawaita masa har shekara biyu da fom SGLV 8715. Bayan haka sai ka koma VGLI, inshorar tsofaffin sojoji, wadda kai za ka riƙa biya kuma kuɗinta na ƙaruwa da shekaru. Kana da shekara ɗaya da kwana 120 ka nema. Idan ka nema cikin kwana 240 na farko, ba za a yi maka tambayar lafiya ko ɗaya ba. Wanda ya dawo da hawan jini, ko ciwon baya, ko damuwar da ba ta barin sa barci, ya rubuta ranar cikar kwana 240 ɗin nan a wayarsa tun ranar da ya karɓi takardar sallama.